Injiniya Ramalan da Taswirar Gayya

In ka sauka tashar Arlit ka ce kana neman gidan Ramalan, za a tambaye ka wane Ramalan. In ka ce Injiniya, sai a yi murmushi a nuna maka hanya, wani ma ya ajiye aikinsa ya raka ka, don kada wani abu ya faru bai gani ba.

Shekara goma sha tara Ramalan ya yi yana aiki a ramin yuraniyom na Akokan, kuma duk tsawon shekarun nan ƙafarsa ba ta taɓa taka cikin ramin ba. Aikinsa a bakin ƙofa yake: ya miƙa wa mai shiga fitila, in ya fito ya karɓe ta. Amma a teburin shayin Mano labarin ya daɗe da yin ƙiba. "Ni na riƙe hasken ramin nan," yakan ce, yana kaɗa kofi. "Ranar da na yi mura, sai da ƙasa gaba ɗaya ta ji a jikinta." Da aka rufe ramin a 2021, abokan aikinsa suka watse, wasu Damagaram, wasu Maradi, wasu suka kama lambu ko tuƙi. Shi kuwa ya sayi salula mai faɗin faranti, ya naɗa kansa masanin intanet na unguwa, bai wahalar da kowa da zaɓe ba.

Wata Litinin da hantsi, Malama Zulaihatu mai koyarwa a lekol, wato makarantar bokon unguwa, ta tsaya gefen teburin, ta gaida mutane, ta ce da magana ta zo.

"Akwai wata taswira a intanet wadda ba ta da mai ita," ta ce. "Kowa na iya shiga ya sa abin da ya sani: lungu, famfo, shago, asibiti. In kun duba garinmu a ciki, titi huɗu ne sai fili, kamar ba mutane. Makon jiya motar asibiti ta yi ta yawo tana neman gidan wata mai naƙuda, kafin a same shi ta haihu a tsakar gida. Allah ne ya kiyaye. Direbobin motar sun ce in muka cika taswirar za su riƙa aiki da ita. Ranar Asabar ta sama za mu nuna ta a gidan matasa, gaban mai unguwa. Gayya ce, kowa ya kawo nasa. Sharaɗi ɗaya: kada ka sa sai abin da idonka ya gani."

Ramalan ya ajiye kofi a hankali, irin ajiyewar manya.

"Gayya? Malama, gayya ai ta manoma ce. Wannan aikin ƙwararru ne. Ku koma ku huta, ku ba ni kwana uku."

"Baba Injiniya, garin da girma."

"Ya kai ramin Akokan girma?"

Mano, mutumin Tawa ne, bai iya barin magana ta wuce shi ba. Ya ce, "Injiniya, ba kai ne ka ɓace ranar sunan jikar liman ba? A nan bayan gidanka hwa."

"Ban ɓace ba. Ƙofar gidan aka sake."

"Sai da munka aika a nemo ka."

"Zuba mini shayi, Mano. Taswira ba tafasa ruwa ba ce."

Malama Zulaihatu ta nuna masa yadda ake shiga, ta ce sai ya zaɓi sunan da zai riƙa aiki da shi. Ramalan, da yake mutum ne mai tawali'u, ya rubuta: Babban Injiniya Sarkin Rezo Na Ɗaya.

Da ya koma gida ya shimfiɗa tabarma a inuwar zogale, ya fara da abin da ya fi muhimmanci a garin, wato lungunsu. Ya raɗa masa Babban Titin Injiniya Ramalan, lungun da jaki biyu ba sa gilmawa sai ɗaya ya yi haƙuri. Sannan ya danna kan gidansa. Taswira ta fito masa da jerin ƴan hotuna, tana tambayar abin da ke wurin. Bayanin da Faransanci yake, Faransancin Ramalan kuwa daga gaisuwa sai ƙidayar fitilu, don haka ya bi hotuna.

Ya ga cokali da faranti. Ana cin abinci a gidan nan? Ana ci. Ya danna. Ya ga gado. Ana kwana? Ana kwana. Ya danna. Ya ga famfo, ya waiwaya ya dubi nasu, ya danna. Ya ga kwalbar magani, ya tuna da gwangwanin da matarsa Lauratu ke ajiye maganin ciwon kai, ya danna. Ya ga sifana, wannan kam ko tunani bai yi ba, gidan injiniya ne.

"Malam, me kake ta dannawa haka?" Lauratu ta tambaya daga bakin murhu.

"Ina sa ki a idon duniya."

"Duniyar ta ce tana nemana?"

"Ke dai ki kula da miyarki. Wannan ba fannin mata ba ne."

Duniya ba ta ɓata lokaci ba. Washegari da azahar wata babbar mota ta tsaya a bakin lungu, ta toshe shi ruf. Ƙarti huɗu suka sauko, jikinsu duk jar ƙasar hanyar Agadas. Babbansu, wani Bamaradi mai suna Sabiru, ya yi sallama yana duban wayarsa.

"Nan ne gidan abinci da masauki?"

Lauratu ta leƙo. "Gidan me?"

"Hajiya, ga shi a taswira. Faranti huɗu za ki ba mu, da ɗaki mai iska. In da nama a ƙara."

Ramalan ya fito da sauri yana gyara hula. Mutum mai hankali da sai ya ce kuskure ne, a yi haƙuri. Amma maƙwabta sun riga sun firfito, Mano ma ya baro teburinsa da buta a hannu. Sai Ramalan ya buɗe hannuwa.

"Kun gani? Jiya-jiya na sa, yau ga baƙi daga Agadas! Ku shigo, ku shigo. Lauratu, a kawo abinci."

"Wane abincin?"

"Wanda kika dafa."

"Naka ne da nawa."

"To a kawo."

Aka kawo. Ramalan ya zauna yana yi musu bayanin yadda rezo, wato sabis ɗin waya, ke tafiya a cikin iska, su kuma suna yi wa tuwonsa bayani da yatsu biyar. Da suka suɗe kwano suka tambayi ɗaki, ya nuna musu inuwar zogale, ya ce irin na zamani ne, iska ta ko'ina. Suka yi barcinsu, suka tashi da la'asar suka tafi. Injiniya ya wuni da ruwan randa.

Da safe ya iske Mano yana karanta wa mutanen teburi wani abu a waya, ana ta dariya.

"Injiniya, zo ka ji. Ashe duk wanda ya je wuri shina iya barin magana. Baƙonka ya rubuta: 'Miyar kuka ta yi daɗi. Ɗaki babu. Mai gidan ya cika surutu, a zo da auduga.'"

"Ai yabo ne," in ji Ramalan. "Ka ji ya ce ta yi daɗi."

Bai gama rufe baki ba aka ji kururuwar Lauratu daga lungu. Ya ruga. Abin da ya tarar a gidansa ya fi ƙarfin tsakar gidan: awaki sun kai arba'in, da jakuna biyu, da wani dogon Buzu mai rawani yana tsaye gaban famfo cikin natsuwa yana murɗa shi. Sunansa Alkassoum, daga wajen Gougaram ya koro dabbobin zai kai kasuwa.

"Malam, lafiya?" Ramalan ya ce.

"Lafiya lau. Wayana ya ce nan akwai famfo na jama'a. Amma famfon ba shi da ruwa."

"Yau kwana biyu bai kawo ba!" in ji Lauratu, tana fizgar zanenta daga bakin wata akuya. "Ruwan da na tara a randa shi ne suka shanye!"

Alkassoum ya dube ta da tausayi, ya juya ga Ramalan. "Matarka yana da gaskiya. Ruwan randa ya yi kaɗan. In za ka buɗe wurin shan dabbobi, ka gina kwami."

"Ban buɗe komai ba!"

"To wa ya rubuta?"

Ramalan ya dubi sama, kamar mai neman wanda ya rubuta a cikin gajimare. Kafin ya samo shi, wani dattijo ya yi sallama da kunci a kumbure, yana neman maganin haƙori. A bayansa wani ɗan kabu-kabu ya turo babur ɗinsa da ya mutu, yana tambayar ina makanikin. Awaki kuwa suka gama da zogale, suka koma kan tabarma. Wata ta ɗauki hular Injiniya daga kan turmi ta fita da ita, ba a sake jin labarin hular ba.

Lauratu ta tsaya a tsakiyar gida, ta riƙe ƙugu. "Malam, ka ce za ka sa ni a idon duniya. To na ga duniyar, har da jakunanta. Yanzu ka cire ni."

Ya zauna cirewa. Sai dai shigar da abu daban, fitar da shi daban, kuma yatsan Ramalan ba a yi shi don ƙananan alamu ba. Ya danna, ya ja, abu ya matsa. Ya sake ja, wani abu ya matsa. Ya yi ta ja yana tsaki har gumi ya jiƙa masa riga. Da ya ɗaga kai, alamomin gidansa na nan daram, ko ɗaya bai gusa ba. Asibitin haihuwa ne, wanda wani bawan Allah ya sa a wurinsa daidai, ya tashi ya koma cikin hamada, tafiyar rabin yini a raƙumi. Maƙabarta kuma ta taso ta zauna a kan tashar mota.

Da la'asar Mano ya tare shi. "Injiniya, na ga tasha ta koma maƙabarta. Masu tahiya Agadas su yi wasiyya ke nan?"

"Gwaji nake yi."

"Mata masu ciki kuma su nemi raƙumi?"

"Mano, kai da ba ka san bambancin rezo da rezar aski ba, ka bar manya su yi aiki."

Kashegari da ya buɗe taswira, ya ga abin mamaki. Asibiti ya dawo mazauninsa. Matattu sun koma makwancinsu. Cokali, gado, famfo, kwalba da sifana duk sun ɓace daga kan gidansa. Wannan bai dame shi ba, har ya fara shirin cewa shi ya gyara. Amma da idonsa ya kai kan lungu, sai da ya miƙe tsaye. An goge Babban Titin Injiniya Ramalan. An rubuta Lungun Mai Waina, sunan da kowa ke kiransa tun kafin Ramalan ya zo garin.

Ya mayar da sunansa. Kafin ya gama wanka an sake gogewa. Ya mayar, ya ƙara "Mai Girma" a gaba. Kafin azahar mai waina ta dawo. Ya mayar sau tara a ranar, sau tara ana fitar da shi daga lungunsa.

Sai ya ɗauki waya ya saki murya a dandalin unguwa na cikin waya, inda aka saba cigiyar tumaki da sanarwar rasuwa.

"Jama'a, Injiniya ne ke magana. Ina sanar da ku an yi mana kutse. Akwai wani maƙiyi da ke bin aikina yana rusawa. Bincikena ya nuna ba ɗan garin nan ba ne, don a garin nan babu mai ilimin da zai taɓa abin da na sa. Daga waje ne. Manyan ƙasashe sun ga Arlit na shirin tashi, sun tsorata. Amma ku kwantar da hankalinku, na riga na gano ƙafarsa."

Amsa ta farko daga wata tsohuwa ce: "Allah ya tona shi. Wa ya ga tunkiyata mai baƙin kunne?"

Malama Zulaihatu ta kira shi. "Baba Injiniya, don Allah ka dakata da sa abubuwa, ka zo in sake nuna maka."

"Ki nuna mini? Malama, lokacin da nake haska ƙarƙashin ƙasa, ke ko allo ba a saya miki ba."

Don ya nuna wa manyan ƙasashe bai ji tsoro ba, ya ƙuduri babban aiki. Ya lura hanyar da ke zuwa Akokan tana da lanƙwasa, shi kuma injiniya ba ya son lanƙwasa. Ya ɗora yatsa a ƙofar gidansa, ya ja layi ɗaya miƙaƙƙe har Akokan, ya sa masa suna Sabuwar Hanyar Injiniya. Ba a jima ba aka goge, aka bar masa ƴar magana: "Babu hanya nan. Lambuna ne da kududdufin ban-ruwa."

"Ƙarya ne!" ya faɗa a teburin shayi, yana dukan benci. "Mutumin da ke zaune ƙasar waje zai gaya mini abin da ke bayan gidana?"

"Kai ka taɓa bi ta wurin?" in ji Mano.

"Ba sai na bi ba. Na auna."

"Da mi?"

"Da ido. Gobe ku fito ku gani."

Washegari da hantsi ya sake zana hanyarsa, ya sa farar babbar rigarsa ta sallah, ya hau babur. Ya kunna bidiyo kai tsaye don duniya ta shaida, ya riƙe waya da hannun hagu a gaban fuskarsa, ya kama babur da dama. Jama'ar teburi suka biyo shi a ƙafa, ba don sun yarda da hanyar ba, sai don sun yarda da Injiniya.

"Ga mu a kan sabuwar hanya," yana faɗa wa waya. "Kuna gani, shuɗin ɗigon nan ni ne, layin nan kuma hanya ce. Muddin ɗigo na kan layi, ba abin da zai faru."

Ɗigo na kan layi ya ratsa shingen wani lambu. Ɗigo na kan layi ya bi ta kan fangalin salati, mai lambun na ihu yana ɗaga hauya.

"Kada ku kula da shi," in ji Ramalan. "Duk babban aiki sai an samu ƴan adawa. Yanzu za mu ƙara wuta, don nan gaba fili ne shar..."

Masu kallo a waya suka ga sama, suka ga ƙasa, suka sake ganin sama, sannan suka ji ƙarar da babban abu ke yi in ya faɗa ruwa. Kududdufin bai da zurfin kisa, iyakarsa ƙirji, amma koren ruwa ne mai kauri wanda ya daɗe yana jiran baƙo. Babur ya nutse. Abin da ya rage a sama shi ne kan Injiniya, da gansakuka a kunne, da hannunsa na hagu a miƙe yana riƙe da waya, bidiyo na ci gaba da tafiya.

Saƙonni suka yi ta shigowa. Wani ya rubuta, "Injiniya, ɗigo na kan layi?" Wata ta ce, "Ashe hanyar jirgin ruwa ce." Sabiru direba, daga can wani wuri a hanyar Tawa, ya turo: "Yanzu masaukin ya samu wurin wanka."

Masu lambu suka jefa masa igiyar guga suka jawo shi, sannan suka jawo babur. Farar riga ta koma kalar miyar da baƙi suka yaba. Mano ya matso yana toshe hanci.

"Sannu Injiniya. Yaya hanya?"

Ramalan ya tofar da wani abu kore. "Hanyar na nan. Ruwa aka zuba a kanta."

"Manyan ƙasashe?"

"Wa kake tsammani?"

Ranar Asabar bayan la'asar gidan matasa ya cika maƙil. An rufe tagogi da zannuwa, an haska taswira a bango, kowa na miƙa wuya yana neman lungunsa. Mai unguwa na gaba a kan kujera, direbobin motar asibiti biyu a gefensa. Mata na ɓangare guda. Alkassoum ma ya zo, ya sayar da awakinsa bai koma ba tukuna. Ramalan ya shigo a makare don a gan shi, ya zauna a layin farko ba wanda ya kira shi.

Malama Zulaihatu ta yi bayani. Mutum sittin da uku suka sa hannu. Masu kabu-kabu sun sa lunguna, mata sun sa famfuna da ranakun da suke kawo ruwa, makiyaya sun sa rijiyoyin hanyar Gougaram, har da waɗanda suka ƙafe. Garin da ke titi huɗu ya cika bango. Aka yi tafi.

Babban direban motar asibiti ya miƙe. "Aiki ya yi kyau. Amma gaskiya ranar Laraba mun kusa fasawa. Mun duba muka ga asibitinmu a cikin hamada. In taswira za ta riƙa tashi da asibiti, ba za mu ɗora ran mutane a kanta ba."

"An gyara," in ji Malama. "Mutum ɗaya ne ya yi ta ɓata mana aiki, amma jama'a sun fi shi yawa. Ba sai mun kama suna ba."

"Sai an kama!"

Ramalan ne, ya riga ya miƙe, ya karɓe makirfo daga hannunta kafin ta ankara.

"Ranka ya daɗe, jama'a, wannan mutumin ni na fi kowa shan wahalarsa. Kwana da kwanaki ina fafatawa da shi ni kaɗai. Yau kuma a ce a rufa masa asiri? Wanda ya yi wasa da asibitin haihuwa? Wannan ai ba mutum ba ne, annoba ce!"

"Baba Injiniya," Malama ta ce a hankali, "ka zauna, don Allah."

"Ba zan zauna ba! Tausayin mata ne ke kashe ƙasa. Ranka ya daɗe, ga hukuncin da nake ba da shawara. Ko daga ina yake, a kawo shi. A raba shi da wayarsa wata guda. A sa shi ya zagaye garin nan a ƙafa, lungu-lungu, da rana tsaka, ya duba da idonsa duk abin da ya ɓata da yatsansa. Kuma ya sake dasa wa mai lambu salatinsa, don shi ya jawo!"

Mai unguwa ya shafa gemu. "Injiniya, hukuncin bai yi tsauri ba?"

"Ya yi sauƙi ma! Malama, na san taswirar na ajiye sunan duk wanda ya taɓa ta. Buɗe mana. Ni da bakina zan karanta."

Malama Zulaihatu ta dubi mai unguwa. Mai unguwa ya ɗaga kafaɗa. Ta danna.

Dogon jeri ya fito a bango. Ramalan ya matsa kusa, ya gyara tabarau, ya ɗaga murya yadda na bayan ɗaki za su ji.

"Wanda ya kai asibiti hamada: Babban Injiniya Sar..."

Ya tsaya. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Ci gaba, Injiniya," in ji Mano daga baya. "Muna saurare. Wace ƙasa ce?"

"Wanda ya ɗora maƙabarta a tasha," Malama ta ƙarasa masa, "shi ne dai. Gidan abinci, masauki, famfo, kantin magani, gareji, shi ne. Sabuwar hanya, shi ne. Duka-duka sau ɗari biyu da goma sha ɗaya."

Ɗakin ya kece da dariya. Wani direba ya sauka daga kujera yana riƙe da ciki. Mai lambun salati ya yi kabbara.

"An saci sunana!" Ramalan ya yi ihu a makirfo.

"Da hoton fuskarka a cikin kududdufi?" wani ya tambaya.

Mai unguwa ya ɗaga hannu aka lafa. "To, jama'a, mu ba mu isa mu yi gardama da injiniya ba. Hukuncin da ya yanke ya zauna yadda ya faɗe shi. Mano, karɓi wayar."

Ramalan ya ga ƙasa na zamewa, ya nemi abin kamawa. "To na ji! Amma wanda ya yi ta goge mini titi fa? Shi ma a nuna shi! A nuna maƙiyin nan kowa ya gan shi!"

"Ba mutum ɗaya ba ne, Baba," in ji Malama. "Amma tunda ka nema. Duk wanda ya gyara wani abu da Injiniya ya sa, ya ɗaga hannu."

Mano ya ɗaga. Alkassoum ya ɗaga, ya ce, "Ni na cire famfon, don kada wani akuya ya sha wahala." Mai lambu ya ɗaga hannu biyu. Masu kabu-kabu suka ɗaga, liman ya ɗaga, tsohuwa mai cigiyar tunkiya ta ɗaga. Ramalan ya yi ta juyawa yana kallon manyan ƙasashen da suka tsorata da shi, duk ya san gidajensu.

"Amma wadda ta fi kowa," Malama ta ce tana nuna saman jerin, "gyara tamanin da huɗu ita kaɗai, har da dawo da asibiti, ga sunanta nan."

Ramalan ya karanta. Ya sake karantawa. Ya juya a hankali ɓangaren mata. Lauratu na zaune, ƴar ƙaramar wayarta mai tsagaggen gilashi a cinya, hannunta a sama.

"Lauratu? Har da ke?"

Ta sauke hannu, ta gyara mayafi.

"Malam, shekara ashirin da biyu ina bin bayanka ina gyara ɓarnarka, ba wanda ya sani. Wannan karon ne kawai aka samu mai rubuta suna."